Ƙorafi Kan Mayar da Ɓeraye Tamanin da Shida Ma'aikata

Daga:
Ndanusa Abdulsalami,
Mai Kula da Ɗakin Ɓeraye (wanda aka dakatar),
Tudun Wada, Kontagora.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Cibiyar Nazarin Jini ta Tafkin Kuka,
Kontagora, Jihar Neja.

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SANYA ƁERAYEN BINCIKE CIKIN RAJISTAR MA'AIKATA, DA DAKATAR DA NI BISA ZARGIN FIFITA DANGI, DA UMARNIN KORAR JARIRAI BAKWAI DAGA HARABAR CIBIYA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, ina neman afuwa da na aiko wannan takarda kai tsaye ba ta hannun Sakataren Mulki ba, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Dalili shi ne, ƙorafin a kansa yake, kuma takardu uku da na bi da su ta ofishinsa duk an buɗe musu fayil, fayilolin kuma ba su fito ba.

Sunana yana sama. Shekarata hamsin da uku, goma sha ɗaya daga ciki a wannan cibiya na yi su. Kafin nan maganin ɓera nake sayarwa a kasuwa, ba na ɓoye wannan. Dakta Rauda Abubakar, shugabar sashen bincike, ita ta ɗauke ni, ta ce wanda ya san abin da ke kashe ɓera shi ya fi cancanta ya hana shi mutuwa. Tun daga ranar ban sake kashe ko ɗaya ba, har na gidana.

Da yake an naɗa ka kwanan nan, ina roƙon izini in bayyana aikin yadda na fahimce shi, domin in ba a gane aikin ba, ba za a gane ɓarnar ba.

A cikin jinin mutum akwai wani sinadari da masana ke kira him. Shi ke ba jini launinsa ja, shi ke riƙe iskar da muke shaƙa ya kai ta gaɓoɓi. Akwai ƙwayar gado guda a jiki wadda ke fara haɗa shi, ita kuma tana da makunni, kamar na fitila, wanda ke gaya mata yaushe za ta yi aiki, da kuma yawan aikin. Ƙanena Salman, manomi a Salka, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, tun yana ƙarami jininsa bai cika ba. An ba shi maganin ƙarin jini har ya gaji, bai ƙaru ba. Dakta Rauda ta duba ƙwayar gadonsa ta ga lafiyarta lau, sai ta zargi makunnin. Ta ɗebi jinina da nasa, da yardarmu, ta ciro makunnin kowa, ta ɗaura masa wata 'yar alama mai hasken kore da aka samo daga wata halittar teku, aka dasa su a ƙwan haihuwar ɓeraye a wani ɗakin bincike na ƙasar waje. Ɓerayen da suka ɗauki makunnina, in aka ɗiga jininsu a ƙarƙashin madubin likita, yana haske kamar ɗanyen ganye bayan ruwa. Masu na Salman, da kyar ake ganin wani abu. Dakta ta ce makunnin kamar rubutu yake, kuma tsakanin nawa da nasa harafi ɗaya ne ya bambanta. Don a tabbatar harafin ne mai laifi, Dakta ta gyara shi a makunnin Salman, aka dasa gyararren a wani ɓera namiji guda ɗaya tak, wanda ya iso nan ranar Litinin, 10 ga Maris, yana da wata huɗu. A takarda lambarsa 3-A, mu a ɗaki muna ce masa Baƙo. Dakta ta ce jinin Baƙo shi kaɗai ba hujja ba ne, domin mai yiwuwa dashen bai game jikinsa ba. Sai 'ya'yansa, waɗanda aka haifa da gyararren makunnin, su ne shaida: in jininsu ya yi haske, harafin ne mai laifi. Abin da ya rage ke nan a aikin shekara bakwai: a haɗa ɓera namiji da mace. Ranka ya daɗe, a sanina wannan bai taɓa gagarar kowa ba a ƙasar Kontagora.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Ranar Litinin, 24 ga Maris, saura mako guda Baƙo ya fito daga killacewar baƙunta, Sakataren Mulki, Alhaji Abdulƙudus Attahiru, ya fitar da sanarwa. Ya karanta rahoton shekara, ya ga an rubuta cewa ɓerayenmu na ɗauke da ƙwayar gadon ɗan Adam. Ya kafa hujja da sashe na tara na dokar cibiya, wanda ya ce duk ɗan Adam da ke cikin haraba ko dai baƙo ne, ko majinyaci, ko ma'aikaci. Ya ce su ba baƙi ba ne domin suna wuce ƙarfe huɗu, ba majinyata ba ne domin ba su da kati, saboda haka ma'aikata ne. Aka cire ɓeraye tamanin da shida daga rajistar dabbobi aka mayar da su ta ma'aikata. Sauran arba'in, waɗanda ba a dasa musu komai ba, aka mayar da su rajistar sito, tsakanin tsintsiya da sabulu.

2. Aka umarce ni in kawo hoton fasfo na kowane sabon ma'aikaci, biyu biyu, fuska a gaba, kunnuwa a waje. Kwana tara muka yi da mai hoto. Ofis ya dawo da hotunan duka, ya ce mutum ɗaya muka ɗauka sau tamanin da shida. Ina so a rubuta cewa ba haka ba ne. Ni na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko a hoto ban kasa gane kowa ba.

3. Tun da an ce mutane ne, sai aka ce ba za a ƙara ɗibar jininsu ba sai sun sa hannu a takardar amincewa. Aka ba ni tawadar dangwale da takardu. Ranka ya daɗe, ɓera ba shi da babban yatsa na kirki. Na dangwala musu abin da na samu. An cije ni sau goma sha huɗu, ban kai ƙara ba, domin in da ni ne a wurinsu abin da zan yi ke nan. Ranar 28 ga Afrilu aka ƙi karɓar takardun, bisa dalilin cewa ba a karanta wa masu sa hannun abin da ke ciki da harshen da suke ji ba. Na amsa a rubuce cewa na karanta musu da Hausa, na maimaita da Nufanci. Aka ce in kawo shaidar sun fahimta.

4. Dakta Rauda mace ce mai haƙuri, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ko ranar da janareta ya mutu da samfurori a firji. Ta je ofishin Sakatare ranar 12 ga Mayu, ina biye da ita da fayil. Ta yi masa bayani da takarda da biro cewa abin da aka dasa ɗan guntu ne, bai kai ƙwayar gero ɗaya a cikin rumbu ba. Ya ce doka ba ta ambaci awo ba. Sai ta ce, in haka ne, ai suna ɗauke da guntun halittar teku ma, ko za a ce kifaye ne? Ta faɗa ne don ya ga rashin kan maganar. Alhaji ya gode mata da ta jawo hankalinsa, ya buɗe sabon fayil. Ranar 2 ga Yuni wani jami'in kula da kiwon kifi ya zo da ragar awo, ya tambaye ni ina tafkin. Da na nuna masa kejin, ya daɗe yana kallo, ya sha ruwa, ya tafi. Rahotonsa ya ce bai ga kifi ba, amma ba zai iya cewa babu ba tunda ba shi da madubi. Har yau wannan fayil a buɗe yake, kuma an hana ni rage ruwan kwalabensu ko da don wanke kwalaben ne.

5. Ranar Laraba, 18 ga Yuni, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Sakatare ya kawo ziyarar bazata ɗakin ɓeraye, ya tarar da su duka suna barci. Allah ya halicci ɓera yana barci da rana. Washegari aka aiko takardun tuhuma tamanin da shida kan barci a bakin aiki, a amsa cikin kwana biyu. Na liƙa wa kowa tasa a jikin keji, wasu suka jawo suka yi shimfiɗa da ita. Na rubuta amsa ɗaya a madadinsu, aka dawo da ita, aka ce ni ba wakilin ƙungiyar ma'aikata ba ne.

6. Duk wannan da na jure shi, da ba don maganar Baƙo ba. Matan da ya kamata a haɗa shi da su na cikin arba'in ɗin nan da aka mayar kayan sito. Sakatare ya yanke cewa ma'aikaci ba ya ɗaukar kayan sito sai ya cike takardar neman kaya da hannunsa. Hannun Baƙo kuwa an riga an ƙi karɓarsa a sakin layi na uku. Dakta ta nemi ta sa hannu a madadinsa, aka ce ba ita za ta yi amfani da kayan ba. Haka Baƙo ya zauna shi kaɗai a keji wata shida, matan suna kejin da ke kusa da nasa, tazarar taki ɗaya, yana jin ƙamshinsu. Ya yi ƙiba, gashin bayansa ya fara sauyawa. Ranka ya daɗe, ɓera ba ya daɗewa. In ya doshi shekara, haihuwa sai ta fara yi masa wuya, kuma babu wani irinsa a ko'ina. Wanda ya dasa shi a can waje ya yi ritaya.

7. Ranar 21 ga Yuli aka kira ni ofis. Sakatare ya ce bincike ya nuna cewa ma'aikata arba'in da biyu daga cikin waɗanda nake kula da su jinina ne, arba'in da huɗu kuma jinin ƙanena ne, wato 'ya'yana da 'ya'yan ɗan'uwana. Ya karanta mini sashe na goma sha bakwai, wanda ya hana ma'aikaci shugabantar danginsa. Ya tambaye ni me ya sa ban bayyana su ba a takardar iyali da na cike lokacin ɗaukata aiki. Na ce lokacin ba a haife su ba. Ya ce to me ya hana ni sabuntawa. Aka mayar da ni sashen shara da ban ruwan furanni, aka ba da ɗakin ga Malam Abdulfatahi na sashen motoci.

Ba ni da ƙorafi a kan Malam Abdulfatahi. Mutumin kirki ne, direba ne na gaske, amma tsoron ɓera yake ji tun yana yaro. Ranar farko daga bakin ƙofa ya tsaya yana watsa abinci kamar mai ba kaji. Ranar ta biyu ya same ni a gindin furanni, ya haɗa ni da girman Allah in riƙa shiga ina yi, shi ya tsaya a waje yana sa hannu. Haka muka yi. In akwai laifi a nan, nawa ne, ina roƙo kada a taɓa shi.

Maganar dangantakar nan ba ta tsaya a cibiya ba. Ta kai unguwa. Maiɗakina Iyatu ta je suna, wata ta tambaye ta ina ta baro sauran yaran. A masallaci wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in akwai iyalin da na ɓoye gara in fito da su tun ina raye, saboda rabon gado. Ban san ta inda zan fara masa bayani ba, na ce to.

8. Yanzu zan faɗi abin da na yi, ba sai an kafa kwamiti ba. Ranar Talata, 9 ga Satumba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, lokacin da manyan ma'aikata ke taro a kan ko ya kamata a ɗinka wa ɓerayen rigar aiki, na shiga ɗaki na wanke hannu, na ɗauki mace guda mai lafiya, wadda a rajistar sito take lamba 31, na sa ta a kejin Baƙo. Ban cike takarda ba. Dakta Rauda ba ta sani ba, tana cikin taron. Misis Patience, mai aikin madubi, ta shigo ta gan ni, ta kalli kejin, ta ce ita dai ta zo ɗaukar safar hannu ne, ta ɗauka ta fita. Na tsaya na ɗan lokaci. Baƙo ya fara komawa lungu, kamar ya manta, har na ce mun makara. Daga baya ya fito ya shinshina ta. Sai na ja musu ƙofa na koma ban ruwa.

Ranar Alhamis, 2 ga Oktoba, lamba 31 ta haifi bakwai, duka da rai. Da na kira Dakta ta gani, sai ta zauna a kan buhun dusar katako ta cire tabarau tana gogewa. Da ta tashi sai ta ce za ta ce ita ta ba ni umarni. Na ce a'a, ba za a yi ƙarya a kan jarirai ba.

9. Ranar Litinin, 6 ga Oktoba, aka ba ni takardar dakatarwa, bisa laifuka uku: fitar da kayan sito ba izini, aurar da ɗan ɗan'uwana a lokacin aiki, da shigo da mutum bakwai haraba ba ta ƙofa ba. A wannan rana Sakatare ya fitar da wata sanarwar. Ya ce jariran ba ma'aikata ba ne domin ba a ɗauke su aiki ba, ba kayan sito ba ne domin ba a sayo su ba, kuma ba za a iya raba su tsakanin rajista biyu ba tunda bakwai ba ta rabuwa biyu. Saboda haka su bar harabar cibiya kafin ƙarfe huɗu na ranar Litinin, 20 ga Oktoba. Uwar kuwa kayan cibiya ce, ba za ta fita ba.

Ranka ya daɗe, a ranar 20 ga watan nan kwanansu goma sha takwas ne kacal. Ba a yaye ɗan ɓera sai ya kwana ashirin da ɗaya, wato Alhamis, 23 ga wata, kuma a ranar ne Dakta za ta iya ɗibar ɗigon jini a wutsiyarsu ba tare da ta cutar da su ba. Waɗannan ba ɓerayen rumbu ba ne. A ɗaki mai sanyi aka haife su, abincinsu dafaffe, ruwansu tafasasshe. In aka fitar da su ba uwa, ba za su kai Laraba ba. Kwana uku ne tsakanin umarnin Sakatare da amsar shekara bakwai.

Ina so in ƙara wata magana wadda ba ta cikin kowane fayil. Dakta ta gaya wa Salman tun farko, a gabana, cewa wannan aiki ba zai warkar da shi ba, sai dai ya nuna dalili, wataƙila ya amfani na baya. Ya ce ya ji, dalilin yake so. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafin noma. Ni ina kai ƙarshen kunya goma Salman bai gama uku ba, sai ya zauna yana haki. Baba bai taɓa yarda ciwo ba ne. Malalaci yake ce masa, a gona, a gida, a gaban baƙi, har a gaban matarsa bayan ya yi aure. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba, muna samari. Baba ya rasu bai janye ba. Yau Salman shekararsa arba'in da bakwai, kuma har yanzu in ya zauna hutawa a gonarsa ta kansa sai ya waiga ko ana kallonsa. Duk ranar da ya shigo Kontagora da hatsi sai ya biyo ta bakin ƙofar cibiya ya tambaye ni ko ɓerayen sun faɗi wani abu. Wata bakwai ina ce masa ana kan takardu. Ranar Asabar da ta wuce ya ce mini, Yaya, in dai abin zai ci maka aiki a bar shi, wataƙila Baba ne ya yi gaskiya.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) Ya dakatar da umarnin 20 ga Oktoba, a bar jariran bakwai tare da uwarsu, a kowace rajista aka ga dama.

(b) Ya ba Dakta Rauda izinin ɗibar jininsu ranar 23 ga wata ba tare da sa hannunsu ba.

(c) Ya yanke hukunci guda a kan matsayin ɓerayen. In dabbobi ne, a mayar da ni aikina, domin babu dokar da ta hana mutum kula da ɓera. In kuwa Hukuma ta tabbatar dangina ne, ba zan yi jayayya ba, na karɓe su. Amma a lokacin ni ne babba a gidan, ni ne waliyyin jariran, kuma a wannan matsayi na ba da izinin a duba jininsu. Na sa hannu a takardar amincewa bakwai, suna liƙe da wannan.

(d) A umarci Malam Abdulfatahi, ko duk wanda ke shiga ɗakin yanzu, kada ya taɓa jariran da hannu, kada ya canza shimfiɗar kejin gaba ɗaya, ya bar kaɗan daga tsohuwar. In uwar ta daina jin ƙamshinta a jikinsu tana iya watsar da su.

(e) A ba ƙanena Salman katin baƙo na ranar Alhamis, 23 ga Oktoba. Bai taɓa duba madubin likita ba. Ko jinin ya yi haske ko bai yi ba, ina so ya gani da idonsa, kada ya ji daga bakina.

Game da dakatarwata, in Hukuma ta ga na cancanci hukunci, zan karɓa bayan ranar Alhamis ɗin.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Naka mai biyayya,

Ndanusa Abdulsalami
(sa hannu)

Kwafi zuwa ga:
Dakta Rauda Abubakar, Shugabar Sashen Bincike.
Sakataren Mulki, domin fayil.